Mariƙin Gefe, Ƙurar Kankare da Sauran Sharuɗɗan Aiki da Injin Huda Bango Mai Batir

Sabon Hannu, Zariya:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina koyon aikin haɗa sola da kafa na'urar sanyaya ɗaki a ƙarƙashin wani maigida, kuma kwanan nan ya sayo injin huda kankare mai aiki da batir, irin wanda yake juyawa yana duka a lokaci guda, mai baki samfurin SDS-Plus. Da injin ya iso, abin da manyan yaran shago suka fara yi shi ne kwance mariƙin gefen da ake ɗaurawa a wuyansa. Hujjarsu ita ce yana hana shiga lungu, kuma tun da injin ba shi da waya, ba shi da ƙarfin da zai murɗe hannun mutum. Sun kuma ce in riƙa danna shi da ƙirji domin ya fi saurin cin bango. Hankalina bai kwanta da maganar ba, amma ba ni da ilimin da zan ja da su. Ina roƙon waɗanda suka daɗe a sana'a su fayyace mana.

Tsohon Mai Wayarin, Kano:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka nemo mariƙin nan duk inda suka jefa shi, ka mayar da shi ka ɗaure tamau kafin ka sake taɓa injin. Maganar cewa mai batir ba shi da ƙarfi maganar shekarun baya ce, domin na yanzu suna cin kankare kamar masu waya, kuma idan bakin ya maƙale, murɗawar da suke yi iri ɗaya ce.

Bari in gaya maka yadda abin yake faruwa, domin na gani da idona a wani gini. Mutum yana kan tsani yana huda linta da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana dafe da bango. Bakin ya ci kamar tsawon ɗan yatsa, sai ya sami rodi a gefe ya cije. Da bakin ya tsaya cak, ƙarfin da yake juya shi bai tafi ko'ina ba, sai ya koma kan jikin injin, injin ya juya gaba ɗaya. Batirin da yake ƙasan mariƙi, wanda shi ne ɓangare mafi nauyi, ya zagayo ya sami mutumin a haɓa, wuyan hannunsa ya gurɗe, tsanin kuma ya zame. Duk wannan ya auku kafin ya sami damar sakin maɗanni. Da mariƙin gefe yana nan, hannunsa na hagu yana da tazarar da zai tare murɗawar, domin nisan da ke tsakanin mariƙin da tsakiyar injin shi ne yake ba hannu rinjaye. Idan lungu ne ya matse, ai mariƙin yana zagayawa, sai a sassauta shi a juya shi inda ya dace a sake ɗaurewa.

Injiniyan Gini, Kaduna:
Baba ya gama magana a kan mariƙi, ni kuma zan ɗauki batun dannawa, domin a nan ne akasarin mutane suke rikita injin nan da ƙaramin diril mai duka da aka saba da shi. Ƙaramin diril yana da faranti biyu masu haƙora da suke gogar juna, saboda haka sai an danna shi sosai yake yin ɗan dukan da yake yi. Wannan kuwa ginin cikinsa daban ne. Mota tana tura fistin gaba da baya a cikin silinda, fistin yana matse iska, iskar kuma ita take harba wani dunƙulen ƙarfe ya bugi gindin bakin hudar. Ƙarfin kowane bugu an riga an ƙayyade shi daga masana'anta, ana auna shi da jul, kuma masu bakin SDS-Plus yawanci suna tsakanin jul 2 zuwa 4. Ko ka hau kansa da dukan nauyinka ba za ka ƙara masa bugu ko ɗaya ba. Abin da za ka ƙara shi ne zafin baki, da cin batir, da jijjigar da take shiga gaɓoɓinka, da kuma yiwuwar maƙalewa saboda garin kankare bai sami hanyar fita ba. Mai daka ba ta danne taɓarya a cikin turmi, hannunta saiti kawai yake yi, nauyin taɓarya ne yake aiki.

Shi ya sa ma aka yi gindin bakin da kwarmi. Tsarin SDS, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1975, an yi shi ne domin bakin ya riƙa zamewa gaba da baya a cikin maƙoshin injin alhali yana kulle. Gindin SDS-Plus kaurinsa milimita 10 ne, na SDS-Max, wato na manyan injina, kuwa milimita 18, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Idan za ka sa baki, ka fara cire batir, ka goge gindin, ka shafa masa ɗan giris, ka tura shi kana juyawa har ka ji ya kama, sannan ka ja shi waje da ƙarfi. Idan ya ɗan motsa amma bai fito ba, ya zauna daidai. Idan ya biyo hannunka, bai kulle ba. Dannawar da ake buƙata ita ce wadda za ta sa dukan ya kama kuma bakin ya daina tsalle a kan bango, ba fiye da haka ba.

Mai Famfo, Maraɗi:
Injiniya, ranka ya daɗe, ina da ja kaɗan a kan batun mariƙi. Injina yana da kuloci, kuma duk sanda bakin ya maƙale sai in ji yana ƙara kat-kat-kat, juyawar ta tsaya. Wasu sababbin ma an ce suna kashe kansu. Idan har injin yana kare mai shi da kansa, ina amfanin ɗaure wa yaro kai da mariƙi a wurin da ba ya shiga?

Injiniyan Gini, Kaduna:
Malam, tambayarka tana kan hanya, amma ka lura da sharaɗin da kulocin yake aiki a kansa. Ba ya saki sai murɗawar ta kai wani mataki, kuma ba za ta kai wannan matakin ba sai akwai abin da ya riƙe jikin injin ya hana shi juyawa. Wannan abin kuwa hannuwanka ne. Wato kat-kat ɗin da kake ji shaida ce cewa ka riƙe shi da kyau. Wanda ya riƙe shi sako-sako da hannu ɗaya, injin zai juya da hannun nasa tun kafin kulocin ya sami abin da zai yi gardama da shi.

Masu kashe kansu kuma gaskiya ne akwai su. Bosch yana kiran nasa KickBack Control, Hilti yana kiran nasa ATC, Makita kuma AFT. Dukansu na'urar da ke ciki tana jin lokacin da jikin injin ya fizga ne sannan ta yanke wuta, ma'ana sai fizgar ta riga ta fara. Tana rage girman rauni, kuma ina ba duk mai hali shawarar ya sayi mai ita, amma babu littafin injin da na taɓa karantawa wanda ya ce a cire mariƙi saboda ita. Idan kuma bakin ya maƙale, a saki maɗanni nan take, kada a yi ta kunnawa ana fizga. A gwada juyawar baya a hankali, idan ya ƙi, a cire batir, a zare injin daga bakin, a murɗo bakin da sifana.

Tsohon Mai Wayarin, Kano:
Tun da yaron nan aikin sola yake yi, akwai abin da ya fi murɗewar hannu haɗari a gare shi, wato abin da yake binne a cikin bango. A ƙa'idar wayarin ta Ingila, BS 7671, wadda da ita aka koyar da yawancinmu, wayar da aka binne tana bin layi ne a miƙe, ko sama da ƙasa ko gefe da gefe daga soket ko makunni, ko kuma cikin milimita 150 daga saman bango ko daga kusurwar da bango biyu suka haɗu. Saboda haka ba a huda saitin soket, ba a huda saitin makunni, ba a huda dab da kusurwa. Wannan a gidan da aka bi ƙa'ida ke nan. A gidajenmu kuwa sau nawa muka fasa filasta muka tarar an ja fayif a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan domin a rage tsawon waya? Don haka ƙa'idar tana gaya maka inda lalle akwai waya, amma ba ta ba ka tabbacin inda babu. Na'urar gano waya da ƙarfe da ake gogawa a jikin bango ya kamata ta zauna a akwati ɗaya da injin.

Abu na biyu, kada ka taɓa cewa ai an ɗauke wuta. Ana iya dawo da ita bakinka yana cikin bango. Kuma gidajen da kuke aiki su ne masu inbata da janareta, inda soket yake da wuta ko unguwa tana cikin duhu. Ka je akwatin rarraba wuta ka sauke bireka, ka kashe abin da inbata take fitarwa, ka duba makunnin sauya layi, ka gwada soket mafi kusa da tasta, sannan ka gaya wa mutanen gida kada kowa ya tayar da komai sai ka ce. Wayar da ta sauko daga faifan sola kuma tana ɗauke da wuta muddin rana tana dukansa, kashe bireka na cikin gida ba ya taɓa ta.

Sabon Hannu, Zariya:
Na gode, Baba. Amma akwai abin da ya shige mini duhu. Tun da injin ba a jone yake da wutar gida ba, ta ina wutar za ta kama ni idan na taɓa waya?

Tsohon Mai Wayarin, Kano:
Ta bakin hudar. Ƙarfe ne, yana manne da maƙoshin ƙarfe, wasu injinan kuma gidan giyarsu ma ƙarfe ne. Da zarar ya yanki waya mai bolt 230, duk wani ƙarfen da ke bayyane a gaban injin ya ɗauki wuta. Wannan shi ne dalili na biyu na mariƙin gefe, domin roba ne, kuma wanda ya cire shi dole ya tallafi injin ta wuyansa, daidai wurin da wutar take fitowa. Ka haɗa da gumi da tsanin ƙarfe da silifa, ka ga lissafin bai yi kyau ba.

Mai Famfo, Maraɗi:
To, na karɓi hujja a kan mariƙi. Bari in ƙara da abin da ya shafi ɓangarenmu. Bangon bayan gida da na kicin, da duk bangon da yake bayansu, a ɗauka akwai fayif ɗin ruwa a ciki har sai an tabbatar babu, kuma na'urar gano ƙarfe ta talaka ba ta ganin fayif ɗin roba. Abin da nake koya wa yarana shi ne su sa ido a kan garin da yake zubowa daga ramin. Filasta da bulo suna ba da gari mai ruwan toka, busasshe. Idan ka ga ɗan siririn farin roba ko kore yana naɗowa a jikin bakin kamar zare, ko ka ji injin ya yi laushi farat ɗaya bayan yana cin tauri, ka ɗaga yatsanka, ka kai fayif. Idan garin ya yi duhu ya dunƙule, ka riga ka huda.

Sandar awon zurfi da take zuwa tare da mariƙi ita ma ba ado ba ce. Idan fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a rami domin sukuri ya kama, mai tsawon milimita 50 za ka sa, ka saita sandar ta wuce haka da kaɗan, ba ka da dalilin kaiwa tsakiyar bango. Sannan bulonmu na inci 6 da inci 9 mai rami ne a ciki, fatarsa ba ta da kauri, kuma wanda aka yi wa rowar siminti dukan injin nan yana farfasa shi ta ciki, fisha ta rasa abin kamawa. A irin wannan bulo gara a mayar da injin kan juyawa zalla. Haka ma tayil, da bakinsa na musamman ake fara shi ba tare da duka ba. Ba a kuma juya makunnin sauya aiki, daga huda zuwa duka ko zuwa cizal, sai injin ya tsaya cak.

Injiniyan Gini, Kaduna:
Ina so in ja kunne a kan rodi, domin na ga ana sayar da baki mai haƙora huɗu ana cewa yana cin ƙarfe. Amfaninsa na gaskiya shi ne bai cika cijewa a gefen rodi ba kamar mai haƙora biyu. Wannan ba izini ba ne na yanke rodin fila ko linta ko dekin. Rodin nan shi yake ɗauke da ja, kankare yana ɗauke da danniya, kuma yana kwance ne santimita kaɗan daga fuskar kankaren. Idan ka ji ƙarar ta sauya ta koma ta ƙarfe, ci gaba ya tsaya, ka janye ka matsa gefe. Idan ramin mai faɗi ne, kamar na fayif ɗin na'urar sanyaya ɗaki, a nemi wurinsa a jikin bulo, kada a ratsa bim ko fila sai injiniyan ginin ya amince. Kuma duk ramin da zai fita ɗaya gefen, a aika mutum ya duba abin da ke can ya kuma kori yara, domin lokacin fita bakin yakan ɓalle guntun filasta ya jefa ƙasa, shi kuma mai hudar yakan tafi gaba idan yana dannawa.

Ma'aikaciyar Lafiya, Jos:
Ina yi wa malamai sallama. Na bi bayananku, kuma duk raunin da kuka ambata iri ne da ake gani a ranar da ya faru. Wanda nake so in yi magana a kansa yana ɗaukar shekaru kafin ya bayyana, shi ya sa ba a jin tsoronsa. Yashin da ake buga bulo da shi da tsakuwar da ake zuba kankare da ita suna ɗauke da sinadarin silika. Idan injin ya niƙa su, yana fitar da ƙura iri biyu: mai kauri da kuke gani tana zuba a ƙasa, da kuma wata mai laushin da ido ba ya gani, wadda take daɗewa a iska kuma take wucewa har can ƙarshen huhu. Jiki ba ya iya narkar da ita, sai huhu ya yi ta yin tabo a kewayenta har ya taurare. Wannan cuta ita ce silikosis, ba ta da maganin warkewa, kuma tana iya ci gaba ko bayan mutum ya bar aikin. Tana kuma sauƙaƙa wa tarin fuka kama mutum, abin da ya kamata ya dame mu ƙwarai a ƙasashen da tarin ya yi yawa. Tun 1997 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan ƙura cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin huhu.

Domin ku ga ƙanƙantar abin da ake magana a kai, dokar da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta fitar a 2016 ta ƙayyade maikirogiram 50 a cikin kubik mita ɗaya na iska a tsawon aikin awa 8, alhali maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Hanyar da dokar ta fi ba muhimmanci ita ce kama ƙurar tun daga bakin rami, da murfin da yake zagaye bakin hudar haɗe da injin zuƙa mai matata. Yawancin injinan batir na yanzu ana sayar musu da irin wannan akwati da ake maƙalawa. Bayan shi sai takunkumi na gaske, mai lamba FFP3, ko aƙalla FFP2 ko N95. Takunkumin asibiti mai shuɗi da ƙyalle da rawani ba sa tace wannan ƙura. Kuma ina roƙonku ku daina hure rami da baki, domin fuskarku tana dab da shi, ƙurar tana komawa ido da hanci kai tsaye. A yi amfani da buroshi da ɗan famfon hannu ko injin zuƙa. Tsofaffin gidaje masu silin ko rufin asbestos kuwa, kada a huda shi sam.

Mai Walda, Sakkwato:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ina da tambaya wadda na san ta shafi da yawa daga cikinmu. Na ji an ce takunkumin ba ya aiki ga mai gemu. Shin haka ne, kuma mene ne mafita ga wanda ba zai aske ba? Sannan me zai hana a riƙa zuba ruwa a ramin kawai?

Ma'aikaciyar Lafiya, Jos:
Malam, haka ne, kuma gara in faɗa maka gaskiya. Takunkumin da yake manne wa fuska yana aiki ne idan gefensa ya kwanta a kan fata, gashi kuwa yana ɗaga shi, iska ta bi ta gefen ta bar matatar. Ba na cewa kowa ya aske. Akwai hular da take rufe kai duka, mai ɗan fanka da batir da yake turo tatacciyar iska, wadda ba ta buƙatar mannewa, sai dai tana da tsada. Ga wanda bai sami wannan ba, nauyin ya koma kan kama ƙurar daga tushe: akwatin zuƙa a jikin injin, buɗe tagogi, tsayawa ta inda iska take busowa, da yayyafa ruwa kafin shara maimakon sharar busasshiyar ƙura. Ya sa takunkumin duk da haka, amma ya san kariyarsa ta ragu sosai.

Injiniyan Gini, Kaduna:
Batun ruwa kuma, yana da kyau a wajen yankan kankare da injin da aka ƙera domin haka. A ramin wannan injin kuwa ruwa yana mayar da garin ya zama taɓo, ya toshe kwarmin bakin, ya jawo maƙalewar da muke gudu, idan kuma sama ake hudawa ya gangaro cikin injin da batir. Ban ba da shawararsa ba.

Zan haɗa da kunne da jijjiga a taƙaice. Ƙarar injin nan a cikin ɗaki takan haura desibel 90. Ma'aunin NIOSH, cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har a desibel 100 ya rage minti 15 kacal. Toshen kunne ba shi da tsada, jin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Jijjiga kuma kowane littafin inji yana rubuta adadinta. Dokar Tarayyar Turai ta 2002 ta sa 2.5 a ma'aunin ƙarfin jijjiga (m/s²) a matsayin inda za a fara ɗaukar mataki, 5 kuma iyakar da ba a wucewa a yini. Injin da littafinsa ya ce 10 yana kai matakin farko cikin minti 30 na ainihin hudawa, ya kai iyaka cikin awa 2. Wanda ya ce 15 yana kai iyaka kafin awa ɗaya ta cika. Mai sa fisha goma a yini ba shi da damuwa, amma wanda aka ba cizal ya yini yana fasa hanyar fayif, a riƙa karɓarsa. Idan yatsu suka fara mutuwa ko tsikari bayan an ajiye injin, alama ce da ba a rainawa.

Mai Walda, Sakkwato:
Ni a sana'ata safar hannu dole ce, amma wani ya ce mini a wajen injin da yake juyawa haɗari ce. Wanne za a ɗauka?

Tsohon Mai Wayarin, Kano:
Ni ra'ayina a bar ta a lokacin hudawa, domin na fi son in ji injin a tafin hannuna, kuma safa mai faɗi idan bakin ya kama ta ba ya saki. A sa ta lokacin cire baki, wanda yake fitowa da zafin da zai ƙona fata.

Injiniyan Gini, Kaduna:
A nan na ɗan saɓa da Baba. Safa mai kama hannu tsaf, marar lilo, ba ta da laifi matuƙar hannu biyu suna kan mariƙansu, kuma tana kare fata daga tsakuwar da take fallatsa. Haɗarin yana zuwa ne ga mai kama bakin da yatsu domin ya saita shi a farkon rami, wanda bai halatta ba da safa ko babu. Abin da ba mu saɓa a kansa ba shi ne tufafi. Hannun kaftani, da jelar rawani, da carbi ko igiyar waya a wuya, da mayafi ga 'yan'uwanmu mata masu wannan aiki, duk a tattare su ko a cire. Tabarau na kariya kuma mai rufe gefe, ba na gayu ba, musamman idan sama ake hudawa.

Mai Gyaran Batir, Maiduguri:
Ba a taɓo batir ba, kuma shi ne abin da ya raba wannan injin da mai waya. Mai waya idan ka zare fulogi ya mutu, kowa yana gani. Wannan kuwa kullum a shirye yake, yana kwance a buhu ko a hannun ƙaramin yaro. Duk sanda za a sauya baki, ko a ɗauke shi zuwa wani wuri, ko a tafi salla a bar shi, a zare batir, ko aƙalla a mayar da makunnin gaba da baya tsakiya domin ya kulle maɗanni.

Zafi shi ne babban abokin gabar batirin litiyam, kuma mu nan a watan Afrilu da Mayu zafin inuwa ma yana haura digiri 40. Littattafan kamfanoni da dama sun hana ajiye batir inda zafi zai kai digiri 50, kuma but ɗin mota ko saman kwanon rufi da rana tsaka yana wuce haka. Batirin da ya fito daga aiki da zafi a bar shi ya huce a inuwa kafin a sa a caja, kuma kada a yi caji a kan katifa ko a bar shi a jone a kwana, balle inda wuta take hawa da sauka. Kada a jefa shi cikin buhu ɗaya da ƙusoshi da sukurori, domin ƙarfe ɗaya ya haɗa bakunansa ya isa ya tayar da wuta. Wanda ya faɗo daga sama ya tsage, ko ya kumbura, ko yake wari, a fitar da shi waje nesa da kayan da suke kamawa. Idan ya fara hayaƙi kada a shaƙa, a ja baya, a yi ta zuba ruwa mai yawa daga nesa domin ya huce, kuma a sa ido a kansa, yana iya sake tashi.

Masu sayen na gwanjo su karanta bayan caja, domin wadda aka yi wa kasuwar Amurka ta bolt 120 ce, ana jona ta a wutarmu take ƙonewa. Rubutun 20V Max da 18V kuma kada ya ruɗe ku, ƙwayoyi biyar ne a jere a cikin dukansu. Abin da nake yawan buɗewa a shago shi ne batirin jabu mai ɗauke da sunan babban kamfani, a ciki ƙwayoyin tsofaffi ne, babu na'urar auna zafi, wani ma an cika shi da abin ƙara nauyi.

Sabon Hannu, Zariya:
Allah ya ƙara girma, na nemo mariƙin da sandar awon zurfi a ƙasan akwati. Saura tambaya ɗaya. Yawancin aikinmu a sama yake, wajen kafa ƙafar na'urar sanyaya ɗaki a bangon waje. Idan hannu biyu suna kan injin, da me zan riƙe tsani?

Injiniyan Gini, Kaduna:
Ƙanena, ba za ka riƙe ba, shi ya sa tsanin jingina bai dace da wannan aikin ba. Injin yana tura ka baya daidai gwargwadon yadda kake tura shi, kuma a kan tsani babu inda ƙafarka za ta ja baya ta tare. A kafa dandamali mai faɗi da abin tokare a gefe, ka tsaya ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ramin ya kasance tsakanin ƙugunka da kafaɗarka, fuskarka kuma ba a layin da batir zai zagayo ba. Idan ramuka biyu ne ƙanana kuma babu makawa sai tsani, a ɗaure samansa, a ja gindinsa mita ɗaya daga bango ga kowace mita huɗu ta tsawo, wani ya riƙe shi, kai kuma ka sa bel ɗin kariya da aka ɗaure a wani wuri mai ƙarfi, ba a jikin tsanin ba. Injin a miƙo maka shi da igiya bayan ka hau, maɗanni a kulle, kuma kada kowa ya tsaya a ƙarƙashinka. Idan ramin ya wuce milimita 16 ko kuwa na ratsa bango ne, ka gaya wa maigidanka a kawo dandamali ko a huda daga ciki.